Hermann Staudinger: Bajamushen da aikinsa ya bayyana mana yauƙin miyar kuɓewa

 

Duk wanda ya taɓa cin tuwo da miyar kuɓewa ya san abin da ke faruwa idan ya ɗago loma. Miyar takan biyo hannu kamar zare, wani lokaci sai an juya hannu kafin ta tsinke. Ruwa ba ya yin haka. Ruwan sukari ma ba ya yi, ko da an zuba cokali goma a kofi. Amma 'yar kuɓewa kaɗan ta isa ta sauya tukunya guda. Mun kai wannan tambaya wurin malaminmu na kimiyya, sai ya ce mu je mu nemo tarihin wani Bajamushe mai suna Hermann Staudinger, ana furta sunan kamar Shitaudinga. Shi a kan roba da auduga da sitaci ya yi aikinsa, amma amsar tambayarmu tana ciki. Ga abin da muka samo.

Haihuwarsa da karatunsa

An haife shi ranar 23 ga Maris, 1881, a garin Worms da ke bakin kogin Rayin a ƙasar Jamus. Mahaifinsa, Franz Staudinger, malamin makaranta ne. Tun yana yaro tsirrai yake so, kuma burinsa ya zama masanin tsirrai. Mahaifinsa ne ya ba shi shawara ya fara koyon kimiyyar sinadarai, domin sai da ita zai gane abin da ke cikin ganye da saiwa. Ya bi shawarar, kuma a cikin wannan fanni ya ƙare rayuwarsa.

Ya gama sakandare a 1899, ya yi karatu a Halle da Darmstadt da Munich. Ya sami digirin dakta a Jami'ar Halle a 1903, wato shekarar da Turawa suka ci Kano da Sakkwato. Daga nan ya yi aiki a Strasbourg, inda a 1905 ya gano wani sabon dangin sinadarai da ake kira ketin. Wannan ya sa sunansa ya fara fita. A 1907 ya koma Karlsruhe yana koyarwa, sannan a 1912 aka ba shi kujerar farfesa a babbar makarantar fasaha ta Zurich a ƙasar Suwizalan. Lokacin shekarunsa 31 kacal.

Lokacin yaƙi

Yana Zurich aka fara Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1914. Masana da yawa na Jamus sun goyi bayan yaƙin. Wani babba a cikinsu, Fritz Haber, shi ya jagoranci yin iska mai guba da aka saki a kan sojoji. Staudinger ya fito fili ya yi rubutu yana sukar amfani da ilmin sinadarai wajen kashe mutane. A 1917 ya lissafa kwal da ƙarfe da ƙarfin masana'antu na ɓangarorin biyu, ya nuna cewa tunda Amurka ta shigo, Jamus ba za ta yi nasara ba, gara a nemi sulhu. Ba a saurare shi ba. Wannan magana ta jawo masa baƙin jini a ƙasarsa, kuma za mu ga yadda ta dawo masa bayan shekara 17.

Gardamar manyan ƙwayoyi

Kafin mu ci gaba, sai mun tuna darasin aji. Kowane abu an gina shi da ƙananan ƙwayoyi da ake kira atam. Idan atam suka haɗu suka riƙe juna da ƙarfi, sai su zama molekul. Molekul ɗin ruwa atam 3 ne. Na sukarin da muke sa wa a shayi atam 45 ne. A zamanin Staudinger, manyan masana sun ɗauka cewa molekul yana da iyakar girma, ba ya wuce 'yan ɗaruruwan atam.

Amma akwai abubuwan da suka ƙi bin wannan ƙa'ida: roba, auduga, sitaci, siliki. Idan an narkar da su sai ruwan ya yi kauri da danƙo, kuma ba sa yin ƙyalli kamar gishiri ko sukari idan sun bushe. Masana suka ce ai ƙananan molekul ne suka taru suka manne da juna sama-sama, kamar tarin ƙudan zuma a reshe. Wasu ma suna raina binciken irin waɗannan abubuwa, suna kiransa aikin maiƙo da dagwalo.

A 1920 Staudinger ya buga wata takarda ya ce ba haka ba ne. A ganinsa roba doguwar sarƙa ce guda ɗaya, ƙananan molekul dubbai sun riƙe juna da irin riƙon nan mai ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya, kamar 'ya'yan carbi a zare. A 1922, shekarar da aka buɗe Kwalejin Katsina, ya raɗa wa irin wannan sarƙa suna makromolekul, ma'ana ƙaton molekul. Yau an fi kiransu polima.

Ba a karɓi maganar ba. A wani taro a Zurich a 1925 manyan farfesoshi sun yi masa ca. A 1926 a garin Düsseldorf ma haka aka yi, kusan shi kaɗai ne a ɓangarensa. Heinrich Wieland, wanda ya ci kyautar Nobel, ya ba shi shawara ya bar wannan tunani, ya tsarkake robarsa da kyau, zai ga ƙananan molekul ne. Abokai kuma suna mamakin yadda mutumin da ya riga ya yi suna zai ɓata lokacinsa a kan danƙo. Shi kuwa sai ya ajiye sauran bincikensa ya fuskanci wannan kaɗai. A 1926 ya koma Jami'ar Freiburg a Jamus, inda ya zauna har ƙarshen rayuwarsa.

Gwajin roba

Abin da ya burge mu shi ne bai tsaya cacar baki ba, gwaji ya shirya. Masu gardama da shi sun ce akwai wasu wurare a jikin ƙananan molekul na roba da ke jawo juna, su ne suke haɗa tarin. To idan haka ne, in aka toshe wuraren nan tarin zai watse, roba ta koma ruwa tsararo. Shi da ɗalibinsa Jakob Fritschi suka sa iskar haidirojin ta toshe wuraren. Abin da ya fito bai watse ba. Ya ci gaba da zama abu mai danƙo, kuma idan an narkar da shi ruwan yana yin kauri kamar da.

Daga baya ya yi irin wannan da sitaci da kuma selulos, wato sinadarin da ke jikin auduga irin wadda ake nomawa a Funtuwa da Malumfashi. Yakan sauya wa sarƙar kamanni ta hanyar haɗa ta da wani sinadari, ya narkar da ita a wani ruwa daban, sannan ya mayar da ita yadda take. Duk lokacin da ya auna, tsawon yana nan. Da tari ne kawai, da ya wargaje a hanya.

Yadda ya auna abin da ido ba ya gani

Ta yaya ake auna tsawon abin da ko madubin ƙara girma na makaranta ba ya nunawa? Dabararsa mai sauƙi ce. Yakan narkar da polima kaɗan, ya zuba ruwan a siririn bututun gilashi, ya duba agogo ya ga daƙiƙa nawa zai yi kafin ya sauka. Sai ya kwatanta da ruwan da ba a sa wa komai ba. A wajen 1930 ya nuna cewa idan nauyin abin da aka narkar ɗaya ne, mai doguwar sarƙa ya fi sa ruwa kauri a kan mai gajera. Ke nan daga kauri ana iya gane tsawo. Masana'antu har yau suna amfani da wannan hanya, bayan an yi wa lissafin gyara.

A nan ya lura da wani abu da ya shafi tambayarmu kai tsaye. Doguwar sarƙa tana cin wuri a cikin ruwa fiye da nauyinta nesa ba kusa ba, domin tana juyawa tana share fili kewaye da ita. Idan sarƙoƙin kaɗan ne, kowace tana da filinta, kamar ɗalibai biyar suna tsallen igiya a filin ƙwallo. Idan aka yi ta ƙara su, za a kai wani matsayi da filin wannan zai shiga na waccan, igiyoyi su fara taɓa juna. Staudinger ya ce akwai iyaka tsakanin waɗannan halaye biyu, kuma da zarar an ƙetare ta kauri yakan hau da sauri. Sarƙar da ta fi tsawo ta fi saurin kai wa iyakar.

Idan aka ƙara wuce nan, sarƙoƙin sukan sarƙafe. Ku tuna bambancin shinkafa da taliya. Za ka iya ɗaukar ƙwayar shinkafa ɗaya ba tare da sauran sun motsa ba. Amma ka ja silin taliya ɗaya, sai rabin faranti ya biyo shi. Sukari a ruwa shinkafa ne. Polima a ruwa taliya ce.

Sarƙa mai caji

Akwai wasu sarƙoƙi da suka ba shi mamaki fiye da roba. Su ne masu narkewa a ruwa kuma suna ɗauke da caji na lantarki a jikinsu. Mun koya a aji cewa caji iri biyu ne, na tarawa da na ɗebewa, kuma iri ɗaya suna tunkuɗe juna, kamar yadda kawunan mayen ƙarfe iri ɗaya suke ƙin haɗuwa.

A Freiburg, shi da ɗalibansa sun yi aiki a kan wata sarƙa mai tsami da ake kira asid ɗin poliakirilik. Sun ga cewa idan an narkar da ita a ruwa kaurinta ba shi da yawa. Da an ɗiga mata soda irin ta yin sabulu, sai kaurin ya ninka sau da yawa, alhali ba a ƙara ko ɗigon polima ba. In kuma aka barbaɗa gishiri, sai kaurin ya faɗi.

Bayanin da masana suka tsaya a kai shi ne wannan. A cikin ruwa mai tsami, sarƙar ba ta da caji sosai, sai ta naɗe kamar zaren da aka dunƙule. Soda takan cire tsamin ta bar caji na ɗebewa a kan 'ya'yan sarƙar. Kowane ɗa yana ture na kusa da shi, sai sarƙar ta miƙe ta buɗe. Sarƙar da ta miƙe ta fi cin wuri, saboda haka tana taɓa 'yan uwanta tun ana kaɗan. Shi kuwa gishiri idan ya narke yakan rabu zuwa ƙananan ƙwayoyi masu caji, su cika tsakanin 'ya'yan sarƙar su kare su daga jin turin juna. Sai sarƙar ta sake lanƙwashewa, ruwa ya tsinke.

Mun gwada wannan da kanmu. Farin garin da ke cikin famfas na jarirai ɗan gidan wannan sarƙa ne, an ɗaure sarƙoƙinsa da juna don kada su narke. Mun yaga sabo guda ɗaya, muka zuba garin a kofi muka ƙara ruwa. Ya shanye ruwan ya kumbura, har muka kifa kofin bai zube ba. Da muka zuba gishiri cokali ɗaya muka juya, cikin ɗan lokaci ya saki ruwan ya zama tsululu. Wanda zai gwada ya nemi izini a gida, kada ya kai garin baki ko ido, kuma ya wanke hannu.

Mu koma tukunya

Yauƙin kuɓewa dogayen sarƙoƙi ne da aka gina da dangin sukari, kuma da yawa daga 'ya'yansu suna da irin tsamin nan mai barin caji na ɗebewa. Shi ya sa kuɓewa kaɗan take isar tukunya. Sarƙoƙin dogaye ne, sun buɗe, sun shiga juna, in ka ja ɗaya sauran su biyo. Kuka da karkashi da lalo su ma suna da nasu sarƙoƙin.

Yanzu dabarun iyayenmu mata sun fito fili. Suna jefa 'yar kanwa a miyar kuɓewa don ta yi yauƙi. Kanwa kishiyar tsami ce, tana tausasa kuɓewar sarƙoƙin su fito, kuma tana taimaka musu su ɗauki caji su miƙe. Sun san lemun tsami ko tumatir mai yawa yana rage yauƙi, kuma mun ga dalili: tsami yana kashe cajin. Sun san in miya ta daɗe a wuta yauƙinta yakan mutu, domin zafi mai tsawo yana tsittsinka sarƙa, gajerun guntaye kuwa ba sa sarƙafewa.

Ƙaro kuma, wanda ake samu a jikin itacen ɗakwara, ya koya mana wani darasi. Shi ma ƙaton molekul ne mai caji, amma siffarsa mai rassa ce a dunƙule, kamar ƙaramin kurmi. Ba ya miƙewa ya sarƙafe da na kusa, don haka ana iya narkar da shi da yawa ruwan bai yi yauƙi ba. Wannan ya sa ya dace da tawadar makarantar allo: yana riƙe baƙin a cikin ruwa, yana manna shi a allo, kuma tawadar tana bin alƙalami ba ta jan zare. Ashe girma kaɗai bai isa ba, siffa ma tana da nata aiki.

Inda ya yi kuskure

Kada mu ɗauka komai ya faɗa daidai ne. Staudinger ya dage cewa sarƙoƙin a miƙe suke ƙyam kamar sanda. Wasu masana, irin su Werner Kuhn da Herman Mark, suka nuna cewa yawancinsu masu laushi ne, suna lanƙwashewa suna naɗewa kamar igiyar da aka jefar a ƙasa. Su ne suka yi daidai. Ya yi shekaru yana faɗa da su da zafi, har da waɗanda suka yarda da shi a kan babbar maganar. Taurin kan da ya taimake shi a 1926 shi ne ya hana shi saurin karɓar gyara.

Wani Bafaranshe, Pierre-Gilles de Gennes, ya ɗora a kan wannan aiki. A 1971 ya bayyana cewa sarƙar da ta sarƙafe ba ta iya matsawa gefe, sai dai ta sulale ta tsawonta kamar maciji a cikin karan dawa. Ya kuma yi lissafi a kan sarƙoƙi masu caji, ya sami kyautar Nobel a 1991. Masana na baya sun gano cewa taɓa juna daban, sarƙafewa daban: sarƙoƙi masu caji suna taɓa juna da wuri, amma sai an ƙara su sosai kafin su sarƙafe.

Zamanin Hitila

A 1933 Hitila ya hau mulki a Jamus. A 1934 shugaban Jami'ar Freiburg, masanin falsafa Martin Heidegger, ya kai ƙarar Staudinger saboda rubuce-rubucensa na ƙin yaƙi. 'Yan sandan ciki suka bincike shi, aka sa ya rubuta takardar ajiye aiki. A ƙarshe ba a kore shi ba, saboda sunansa ya riga ya kai ƙasashen waje kuma masana'antu suna buƙatarsa, amma an taƙaita masa tafiye-tafiye. Bayan haka ya yi ƙoƙarin faranta wa gwamnatin nan rai, kuma masana tarihi suna kama shi da laifi a kan wannan. Mun ga ya kamata mu faɗa, domin tarihi ba yabo kaɗai ba ne.

A 1940 aka buɗe masa cibiyar binciken manyan molekul a Freiburg, ta farko irinta a Turai. A watan Nuwamba na 1944, shekarar da Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya rasu, jiragen yaƙi suka yi wa garin ruwan bama-bamai, ɗakin bincikensa ya rushe. Yana da shekara 63 ya sake farawa.

Kyautar Nobel da mutuwarsa

A 1927 ya auri Magda Woit, 'yar ƙasar Latbiya, wadda dakta ce a ilmin tsirrai. Tare suka yi bincike a kan manyan molekul da ke jikin abubuwa masu rai, kuma ya ambaci taimakonta a jawabinsa na karɓar kyauta. Bayan mutuwarsa ita ce ta tattara ayyukansa aka buga. Ta haka son tsirrai na ƙuruciyarsa ya dawo masa ta wata ƙofa.

Kafin nan masana'antu sun riga sun gaskata shi. A 1935 Wallace Carothers na kamfanin DuPont a Amurka ya ƙera nailan ta hanyar jera ƙananan molekul su zama sarƙa. An ba Staudinger kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 1953, yana da shekara 72, wato shekara 33 bayan takardarsa ta farko. Ya mutu a Freiburg ranar 8 ga Satumba, 1965, yana da shekara 84.

Abin da ya rage gare mu

Bokitin roba, buta, silifa, tabarmar leda, gidan sauro da sirinjin asibiti duk polima ne. Ledar da ke toshe mana magudanan ruwa da damina, wadda awaki ke ci su kumbura, ita ma polima ce. Riƙon nan mai ƙarfi da Staudinger ya tabbatar shi ne ya sa ba ta ruɓewa da wuri. Wannan matsala ta zamaninmu ce, kuma wanda zai warware ta sai ya san yadda sarƙa take.

Da yawa daga cikinmu muna tsoron kimiyya, muna cewa makarantarmu ba ta da kayan gwaji. Gaskiya ne kayan sun yi kaɗan. Amma babban ma'aunin Staudinger bututun gilashi ne da agogo. Saboda haka kulob ɗinmu yana gayyatar kowa ga wannan aiki: a jiƙa yankakkiyar kuɓewa a ruwa, a tace, a raba kofi uku daidai. A bar na farko haka nan, a matsa lemun tsami a na biyu, a sa 'yar kanwa a na uku. A tsoma cokali a ɗaga, a auna da rula tsawon zaren kafin ya tsinke. A maimaita sau uku, a rubuta abin da aka gani ko da ya saɓa wa abin da muka faɗa a sama. A kawo sakamakon ga sakataren kulob kafin ranar Alhamis, za mu liƙa shi a wannan allo mako mai zuwa tare da sunan aji.

Muna roƙon kada a yaga takardar nan, wasu ba su karanta ba tukuna. 

Daga Kulob ɗin 'Yan Jarida, ɓangaren ƙaramar sakandare, aji biyu.